Likitan da Ya San Fuskoki Bai San Sunaye Ba: Dakta Fredrick Jesse (1958–2020)

Haihuwa da asali

An haifi Dakta Fredrick Jesse a unguwar Herwagana cikin garin Gombe ranar Litinin, 17 ga watan Fabrairu, 1958. Mahaifinsa, Malam Jesse, kafinta ne ɗan asalin ƙasar Kaltungo, wanda ya zo Gombe da zarto da guduma a zamanin da kasuwar auduga take ci, mahaifiyarsa kuma Lois, ɗaya ce daga cikin matan da suka kafa zumuntar mata a majami'ar unguwar. Shi ne na biyu a cikin 'ya'ya biyar.

Iyalan marigayin ne suka ɗora wa mai wannan rubutu, Abdulaziz Yelwa, wanda ya yi shekara shida da rabi ƙarƙashinsa a matsayin jami'in ƙididdiga, nauyin tsara wannan tarihi domin taron cika shekara guda da rasuwarsa. Sun ce sun zaɓe shi ne saboda ya iya riƙe kwanan wata. Mai karatu zai ga a gaba cewa akwai wani abin da ya riƙe fiye da yadda ake so.

A shekarar 1968 aka gane cewa ƙanwarsa mai bi masa, Rifkatu, tana da farfaɗiya. Bisa al'adar wancan lokaci aka cire ta daga makaranta, aka ware mata kofi da kwano, aka kuma riƙa ce wa baƙi ta tafi ƙauye alhali tana ɗakin baya. Ta rasu a shekarar 1979 lokacin da ciwon ya kayar da ita a wajen wanki a rafi, ba tare da ta taɓa shan ƙwayar magani ko ɗaya ba.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare ta mishan a shekarar 1965, ya kammala a 1971, sannan ya yi sakandare daga 1972 zuwa 1976, inda aka san shi da ƙwazo a fannin ilimin halittu da kuma rashin iya ƙwallo, wanda abokan karatunsa suka tabbatar ya kai matakin da ko tsaron gida ba a ba shi. Bayan shekara guda ta share fagen shiga jami'a, ya fara karatun likita a Zariya a shekarar 1977, ya sami digirinsa a 1983. Ya yi shekarar sanin makamar aiki a Bauchi, ya yi hidimar ƙasa a kudu, daga nan ya dawo gida a ƙarshen 1985. A tsakanin 1991 da 1993 ya tafi Ibadan ya ƙara digiri a fannin kiwon lafiyar al'umma, kuma a can ne ya koyi tsantseni wajen bin ƙa'idojin bincike, har ya zama idan an rubuta abu a takarda an sa hannu, to a wajensa magana ta ƙare.

Aiki, aure da 'ya'ya

Dakta Fredrick ya yi aiki a asibitocin gwamnati a garuruwa daban-daban na tsohuwar Jihar Bauchi, daga cikinsu har da Bajoga da Dukku, kuma a Dukku ne ya tsinci Fulatancin da ya ishe shi tambayar majinyaci inda ke ciwo. Bayan ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996 aka dawo da shi babban birnin jiha, inda ya zauna a rukunin gidajen Federal Low-Cost har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi ritaya bisa raɗin kansa a shekarar 2012.

Ya auri Malama Olivia, malamar lissafi a makarantar sakandare, a watan Disamba na 1987, kuma Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1988 da 1999. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai riga fara da baƙin wando kullum, wanda yake isa wurin taro kafin masu jera kujeru. Tun daga shekarar 2009 yake fama da hawan jini da ciwon suga, kuma yana shan magungunansa a kan lokaci, abin da ba kowane likita ake iya yi wa wannan shaida ba.

Binciken farfaɗiya

A watan Janairu na 2014 ya kama aiki da wata ƙaramar cibiya mai zaman kanta, Cibiyar Binciken Lafiyar Unguwanni, wadda take da haɗin gwiwa da wata jami'a a ƙasar waje. Manufar bincikensa ita ce a gwada, cikin shekara bakwai cur, cewa idan aka riƙa ba mai farfaɗiya ƙwayar magani kowane wata ba tare da yankewa ba, faɗuwa za ta ragu ƙwarai, ta yadda hukuma za ta gamsu ta kai tsarin ƙananan asibitocin unguwanni. An tsara binciken zai kammala a watan Disamba na 2020.

Wahalar ita ce samun mutane. A Gombe, kamar a sauran wurare, gidan da aka san yana da mai farfaɗiya gida ne da masu neman aure suke kewayewa, akwai kuma matan da mazajensu ba su san suna da ciwon ba, da magidantan da za a karɓe musu keken haya idan mai keken ya ji. Saboda haka Dakta Fredrick ya yi wa kowane mai shiga binciken alkawura uku a rubuce: ba za a kira shi da suna ba sai da lamba, ba za a karɓi lambar wayarsa ba tunda waya a gidaje da yawa ta kowa ce, kuma babu wani ma'aikacin cibiyar da zai taɓa taka ƙofar gidansa. Ta hanyar fastoci da limamai da masu kemis, a asirce, aka tara mutum casa'in da shida, yawancinsu daga Tudun Wada da Herwagana.

Wata ma'aikaciyar jinya, Malama Najeeba Jalo, ita kaɗai take rubuta suna da kwatancen gida a wani littafi mai baƙin bango, sau ɗaya tak, a ranar shiga. Littafin yana cikin akwatin ƙarfe mai mabuɗi biyu wanda ba ya buɗuwa sai an sa su tare. Ɗaya a hannun Dakta, ɗaya a hannunta. Da ta rasu a shekarar 2018 aka daina ɗaukar sababbin mutane, mabuɗinta kuma ya dawo hannun mai wannan rubutu, wanda ya rataya shi a jikin mabuɗin motarsa don kada ya ɓata.

Kowane mutum yana da ranarsa da sa'arsa a wata, don kada biyu su haɗu a ƙofa. Zai zo, ya faɗi lambarsa, Dakta ya duba shi, ya ba shi ƙwayar kwana talatin da biyar. Ta haka Dakta Fredrick ya san fuska casa'in da shida kamar na 'ya'yansa, ba tare da ya san sunan ko ɗaya ba. Zuwa ƙarshen 2019 alƙaluma sun nuna faɗuwa ta ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, kuma jami'ar haɗin gwiwa ta fara maganar gayyatarsa ya gabatar da sakamakon.

Shigowar annoba

Ranar Lahadi, 22 ga Maris, 2020, mai wannan rubutu ya tafi Kaduna a motarsa domin halartar taron kwana biyu kan yadda ake kiyaye bayanan bincike. Ya isa ya tarar an soke taron saboda annobar korona. Maimakon ya juyo, sai ya ga ai ba mutunci ba ne a shigo gari ba a gaida suruki ba, ya ce zai yi kwana uku. Ya yi wata uku da kwana goma, ya yi azumi ya yi salla a gidan surukin, domin an rufe garin, an kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Mabuɗi na biyu yana tare da shi cikin ƙoshin lafiya.

Ranar 25 ga Maris hukumar gudanarwar cibiyar ta rufe ofis, bisa hujjar cewa cibiyar bincike ce ba asibiti ba, aka manna takarda a ƙofa cewa an rufe har sai abin da hali ya yi. Dakta Fredrick ya yi kwana biyar yana rubuta wasiƙu kafin a yarda ya kwashe kwalayen magani zuwa but ɗin motarsa. Daga Litinin, 30 ga Maris, ya fara ajiye motar a bakin rufaffiyar ƙofar kowace safiya daga ƙarfe bakwai zuwa sha biyu, ya kuma ƙara layi ɗaya da biro a ƙasan takardar: likita yana nan kullum.

Wajibi ne a bayyana a nan cewa ƙwayar da ake bayarwa irin wadda ba a yanke ta farat ɗaya ce, domin wanda ya saba da ita idan ya daina kwatsam, faɗuwar da za ta zo masa takan fi ta da muni, wani lokaci ta ƙi tsayawa. Tunda Dakta ya san ranar da kowace lamba ta karɓa, ya san ranar da kowace lamba za ta haɗiye ƙwayar ƙarshe. Ya rubuta su a kalandar falonsa. Malama Olivia ta ba da labarin cewa kafin ya sha shayi sai ya tsaya gaban kalandar ya karanta lambobin ranar a fili, daga nan shayin ya huce a wurin.

Wasu sun zo. Amma waɗanda suka zo a kwanaki biyar na farko sun ga takardar rufewa sun koma, ba su da dalilin dawowa. Matan da suke fakewa da zuwa kasuwa ko unguwa sun rasa abin faɗi, domin maigida yana zaune a gida, biki da suna sun tsaya. Ga kuma jita-jitar da ta cika gari cewa duk wanda aka gani kusa da ma'aikacin lafiya za a kai shi wurin killacewa. Zuwa ƙarshen Afrilu, lokacin da ƙwayar kowa ta ƙare bisa lissafi, mutum sittin da ɗaya ne suka zo. Saura talatin da biyar.

A wannan wata ne hawan jininsa ya ƙi sauka, barci ya ƙaurace masa, wandunansa suka yi masa yawa. Yakan kira mai wannan rubutu sau uku a rana, kuma bai taɓa zarginsa ba, abin da ya fi zargin ciwo. Mai wannan rubutu ya ce a bari ya aiko da mabuɗin ta hannun direban motar kayan abinci, tunda su an yarda su wuce.

"Malam, ƙa'ida ta ce mai mabuɗi ya kasance a wurin da kansa," in ji Dakta. "Kuma ko an buɗe, sai me? Na sa hannu ba zan je gidan kowa ba. In buga ƙofa in ce sannunku, na kawo wa matar gidan maganin farfaɗiya?"

Ya rubuta wa kwamitin ƙa'idojin bincike na cibiyar yana neman izini. Kwamitin ba ya yanke hukunci sai mutum biyar sun zauna, zama kuma an hana. Sau biyu aka gwada taron ta bidiyo a waya. A na farko shugaban ya yi jawabi minti ashirin ba tare da ya buɗe murya ba, a na biyu sabis ya ɗauke. Duk da haka, a ranar 6 ga Mayu mai wannan rubutu ya saɓa umarni ya damƙa mabuɗin ga wani direban albasa, wanda ya rantse zai bi ta Gombe.

Fasa akwati

Ranar Asabar, 9 ga Mayu, wani tsohon abokin aikinsa ya kira shi daga wani asibiti yana neman shawara kan wata mata daga Tudun Wada, wadda ta faɗi a kan murhu tana dama kunun buɗa baki, kuma jijjigar ta ƙi tsayawa. Dakta Fredrick ya je. Gefen fuskarta ɗaya bai ƙone ba, kuma da shi ya gane mai lamba arba'in da bakwai, wadda ta yi shekara huɗu ba ta faɗi ba, wadda ƙwayarta ta ƙare ranar 14 ga Afrilu. Mijinta yana tsaye a baranda yana ta faɗa wa kowa cewa ba ta taɓa irin wannan ba tun da ya aure ta. Dakta ya yi masa sannu ya wuce. Ta rasu ranar Litinin, ta bar 'ya'ya uku.

Washegari Talata, 12 ga Mayu, da hantsi, ya ɗauko wani mai walda mai suna Bamanga daga bakin titi, ya sa maigadi ya buɗe musu ofis. Bamanga, wanda daga baya ya ba mai wannan rubutu labarin da kansa, ya zagaya akwatin ya ƙwanƙwasa shi.

"Likita, zinariya ce a ciki?"

"Littafi ne."

"Littafi? Guda nawa?"

"Ɗaya. In ƙofar ta buɗe ka juya baya."

"Wallahi Likita ko ka buɗe mini shi a kan hanci, ni boko aji biyu na yi. Amma zan juya, tunda ka fi ni sanin abin da kake tsoro."

Aikin ya ɗauki sa'a biyu. Kwana uku bayan haka Dakta Fredrick ya rubuta wa kwamitin da jami'ar haɗin gwiwa wasiƙa yana kai ƙarar kansa, ya bayyana rana da sa'a da sunan mai walda. Mabuɗin da aka ba direban albasa ya iso Gombe ranar 23 ga Mayu, bayan ya ziyarci Potiskum.

Bin gidaje

Littafin ya warware rabin matsala ne kawai. Marigayiya Najeeba ta rubuta kwatance yadda mutane suka faɗa mata: gida na uku bayan injin niƙa, ƙofa mai shuɗin fenti daura da mai shayi. A cikin shekara shida wasu injinan sun tashi, wasu ƙofofin sun sake fenti. Sannan ga alkawarin da ya rage, cewa ba za a tona kowa ba.

Malama Olivia ce ta kawo dabara, bayan ta yi kwana biyu tana adawa da fitar baki ɗaya. Ta ce idan shiga gida ɗaya zai nuna shi, to sai a shiga duk gidajen layin. Zumuntar mata ta majami'arsu da kwamitin wani masallaci a Tudun Wada suka tara sabulu, masu unguwanni suka ba da izini, aka sanar cewa wani tsohon likita da matarsa za su zagaya su koyar da wanke hannu su auna zafin jiki kyauta. A kowane gida sai a ce kowa ya fito, babba da yaro, mace da namiji. Dakta zai ɗora wa kowa na'urar da jama'a suke kira bindiga a goshi, ya miƙa masa sabulu a naɗe cikin takarda daga jakar da Malama Olivia take riƙe. Wanda ya gane fuskarsa, sabulunsa daga aljihun hagu na rigar Dakta yake fitowa, da ƙwayar wata biyu a cikin naɗin, da 'yar takarda mai bayanin yadda za a koma sha.

Ba wanda zai iya yin wannan aiki a madadinsa, domin shi kaɗai ya san fuskokin. Kuma ba a gane fuska a bayan takunkumi, don haka duk wanda ya fito da nasa sai Dakta ya ce ya sauke shi, yana mai cewa na'urar ta fi aiki haka, abin da ba gaskiya ba ne. Shi ma yakan sauke nasa idan ya shiga gidan da yake zato, don mai lambar ya gane shi ya san abin da ke cikin takardar. Mutumin da yake koyar da nesa-nesa da juna ya riƙa tsayawa taku ɗaya daga fuskar baƙi, ba takunkumi, daga safe zuwa azahar.

'Yarsa Debby, wadda take aikin harhaɗa magunguna a Jos, ta riƙa kira kullum. Mahaifiyarta ta ji ta a waya tana cewa, "Baba, shekararka sittin da biyu, ga suga ga hawan jini. Kai ne fa irin mutumin da rediyo yake cewa ya zauna a gida!" Ya amsa mata cewa yana sane, shi ma yana jin rediyon, saura mutum goma sha tara.

Malama Olivia ta shaida cewa ba a taɓa samun wanda ya nuna ya san shi ba. Wata matar aure a Herwagana ta karɓi naɗin, ta ji nauyinsa, ta juya ta ce wa uwar mijinta, "Mama, wannan likitan ko dai kutare ya ɗauke mu, kullum sabulu sabulu," ta shige ɗaki da sauri. Wani matashi mai keke ya karɓa ya ce na gode Baba, ya zauna a bakin zaure ya rufe fuska da hula. An kuma sami gidajen da aka kore su, da wanda aka sakar musu kare, da wanda aka tara musu jama'a ana cewa su ne masu rubuta sunan mutane a kai su killacewa.

Daga 14 ga Mayu zuwa 24 ga Yuni sun shiga gida ɗari huɗu da goma sha biyu domin neman mutum talatin da huɗu. Sun sami talatin da ɗaya, takwas daga cikinsu da sababbin tabo a goshi ko a hannu. Ukun da suka rage, an gano cewa sunan da kwatancen da suka ba marigayiya Najeeba tun farko ba na gaskiya ba ne. Ɗaya daga cikin kwatancen ya kai su wani fili da ba a taɓa gini a kansa ba.

Dakatar da bincike

Ranar Juma'a, 19 ga Yuni, wasiƙa ta zo daga jami'ar haɗin gwiwa, cikin ladabi da yabo, cewa tunda an buɗe littafin sunaye ba da izini ba, kuma shan magani ya yanke ga sama da kashi ɗaya cikin uku na mutanen, ba za a iya ɗaukar binciken a matsayin wanda ya cika sharuɗɗansa ba. An dakatar da shi saura wata shida ya kammala. Wasiƙar ta ƙara da cewa ma'aikatansu duk sun koma binciken korona, kuma za su yi farin ciki idan yana da bayanai a kan wannan. Da ya karanta wa mai wannan rubutu ita a waya, mai wannan rubutu ya yi minti goma yana kumfar baki a kan aikin shekara shida da alƙaluman da ya tsara da hannunsa. Dakta ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi ko a fahimtarsa wasiƙar ta hana shi raba kwalayen da suka rage. Ba ta hana ba. Washegari ya fita.

Jinya, rasuwa da jana'iza

Ranar Alhamis, 25 ga Yuni, ya tashi da zazzaɓi da tari. Ya auna kansa da na'urar da ya auna mutum sama da dubu biyu, ya ce wa matarsa ta fitar da kayanta daga ɗakin. Ranar 29 ga wata gwaji ya tabbatar da korona, aka kai shi wurin killacewa. An gwada Malama Olivia ita ma, ta kamu, amma nata ya zo da sauƙi. Mai wannan rubutu ya iso Gombe ranar 2 ga Yuli, bayan an buɗe hanyoyi, ya tarar ba a barin kowa ya shiga.

Ranar 5 ga Yuli da rana Dakta ya kira shi, numfashi yana yanke masa magana, ya ce ya ɗauko biro. Ya siffanta masa mutum ukun da ba a samu ba, ɗaya bayan ɗaya: tsayi, launin fata, tsagen fuska, yadda kowanne yake zama a kujera, da kalmar da yake fara gaisuwa da ita. Ya sa aka maimaita masa. Mai wannan rubutu ya ce ya kwantar da hankalinsa, in ya fito za su nemo su tare.

"Malam, kai dai rubuta," in ji shi. "Wannan karon kada ka tafi da takardar Kaduna."

Dakta Fredrick Jesse ya rasu ranar Laraba, 8 ga watan Yuli, 2020, da misalin ƙarfe goma na safe, yana da shekara sittin da biyu. An binne shi washegari a maƙabartar Kirista ta Gombe bisa ƙa'idojin annoba, ma'aikatan lafiya cikin fararen kaya suka sauke akwatin, fasto ya yi addu'a daga nesa, kuma mutum ashirin kawai aka bari suka shiga. Matarsa ba ta halarta ba domin tana killace. A wajen katanga an ga wasu mutane tsaye a warwatse, maza da mata, Musulmi da Kirista, ba mai yi wa wani magana. Babban ɗansa ya tambayi mai wannan rubutu ko su wane ne, ya ce masa bai sani ba, kuma a wannan rana gaskiya ya faɗa.

Ya rasu ya bar matarsa, Malama Olivia, da 'ya'ya huɗu: Dennis, injiniyan ruwa a Abuja, Debby, wadda ta bar aikinta a Jos ta dawo Gombe, Jerome, malamin makaranta a Kaltungo, da Lazarus, ɗalibin jami'a. Ya kuma bar jikoki uku. Allah ya ba iyalansa dangana.

Har zuwa ranar da aka kammala wannan rubutu ba a sami mai lamba goma sha biyu, da mai lamba hamsin da takwas, da mai lamba tamanin da uku ba. Idan suna raye, kuma wannan ɗan littafi ya faɗa hannunsu ko aka karanta shi a kusa da su, to su sani cewa farar motar marigayin tana tsayawa a bakin tsohuwar ƙofar cibiyar kowace Litinin daga ƙarfe bakwai zuwa sha biyu, 'yarsa Debby ce a ciki. Lamba kawai za a faɗa mata.